Jinjina ga Maƙeran Linux Mint

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, ɗalibin Tambuwal ko Kebbe mai kwamfuta 'yar gwanjo ya shiga tsaka mai wuya: Windows 11 ba ta hawa kowace na'ura, sabuwa kuma sai mai hali. A nan Clement Lefebvre da abokan aikinsa suka cancanci jinjina. Tun 2006 suke ƙera Linux Mint, manhajar da ke iya maye gurbin Windows, suna rabawa kyauta. Sabon shiga ba ya ɓata, domin fuskarta ta yi kama da wadda ya saba gani. Nau'inta na Xfce ba ya wahalar da tsohuwar na'ura, kuma ana gwada shi daga filashi kafin a goge komai, wanda shi ya fi burge ni. Masu gyaran kwamfuta na Sakkwato, ku riƙa ajiye Linux Mint a hannu.