Wasan Kwaikwayo da Gwagwarmayar Neman 'Yanci: Tsokaci Kan Wasannin Malam Aminu Kano

Galibin masu nazarin adabin gwagwarmaya a ƙasar Hausa kan waƙa suka fi mai da hankali, wasan kwaikwayo kuwa sai a ambace shi a gurguje. Wannan maƙala za ta duba rawar da wasannin Malam Aminu Kano (1920-1983) suka taka, da kuma inda suka gaza.

Tun kafin zuwan boko Bahaushe yana da hanyar yi wa masu mulki hannunka-mai-sanda. A ƙauyukan Kano, har da na gundumar Ɗambatta, samari kan yi kalankuwa da kaka, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu, su kwaikwayi fada. Haka kuma tashe a watan azumi. Sai dai raha ce mai iyaka. Da an watse kowa ya koma matsayinsa.

Rubutaccen wasa kuwa a hannun Turawa ya tsiro. R. M. East ya fitar da Six Hausa Plays domin 'yan makaranta, Abubakar Tunau ya biyo baya da Wasan Marafa, wanda jigonsa tsafta ce da amfanin ilimin zamani. Waɗannan ba su taɓa mulki ba. Malam Aminu ne, yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna tsakanin 1937 da 1942, ya juya akalar. A Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba? ya nuna yadda ake zambatar mai rauni a hada-hadar birni. Manomin gyaɗa na Ɗambatta da ya taɓa tsayawa gaban sikeli ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan take. Gudumar Dukan En'en Kano kuwa sunansa ya isa shaida.

Wani zai ce ai En'e ya soka, ba Bature ba, don haka ba wasan adawa da mulkin mallaka ba ne. Wannan fahimta ba ta yi zurfi ba. Tun da aka ci Kano a 1903, ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa ake karɓar haraji da jangali, Razdan yana bayan labule. Wanda ya doki En'e, ginshiƙin mulkin ya doka. Hukuma ta san kaifin dandamali, shi ya sa aka hana Hubert Ogunde nuna Bread and Bullet a Kano, wasan da ya gina kan kisan masu haƙar kwal a Inugu a 1949.

Raunin wasannin Malam Aminu shi ne ba su fita harabar makaranta sun shiga karkara ba, ba a kuma buga su a lokacinsu ba. Masu kallonsu ɗalibai ne, waɗanda da yawansu En'e ɗin ce za ta ɗauke su aiki. Da aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, waƙa da lacca ne suka kai saƙon Sawaba kasuwannin ƙauye, domin waƙa a ka ake ɗaukarta.

Duk da haka, a dandamalin ne ya fara gwada salon ba'a da misali da ya riƙa jan talaka da shi. Soke haraji da jangali da gwamnatin Abubakar Rimi ta yi a 1979 ƙarshen zancen da aka soma cikin wasa ne. Ya wajaba manazarta su nemo abin da ya saura na rubutun, su kuma naɗi bayanan dattawa kan kalankuwa tun ba a makara ba.