Jinjina ga Rewaya Masu Gyaran Wutar Tarakta

Rewaya na ƙwarai ya cancanci jinjina, domin idan tarakta ta daina cajin batir, ba ya gaggawar kwance altanata. Yakan fara duba ko fanbel ya saki, ya kankare dattin kan batir, sannan ya sa mita: idan injin na aiki, ya kamata ta nuna wajen volt 14, in ta tsaya a 12 caji bai shiga. Sai bayan nan yake leƙa burushi da regileta. Wasu na cewa sayen sabuwar altanata ya fi sauri, balle da damina. To, amma a taraktoci da dama mutuwar ɗan ƙwan cajin dashbod kaɗai na hana caji, kuma sabuwar altanata ba ta maganin wannan.