Muryar Yaro, Alƙalamin Babba: Yadda Jojiya Ke Zaɓen Wakilinta a Gasar Waƙar Yara ta Turai

Jojiya ƙasa ce ƙarama a gindin tsaunukan Kokeshas, mutanenta ba su kai miliyan 4 ba. A babbar gasar waƙa ta Eurovision, wadda manyan mawaƙan Turai ke karawa a cikinta kowace shekara, ba ta taɓa wuce matsayi na tara ba, kuma daga 2017 har zuwa 2023 ko zagayen ƙarshe ba ta leƙa ba. Amma idan aka koma gasar yara, wato Junior Eurovision, sai labari ya sha bamban. Ta ɗauki kofi a 2008, ta sake ɗauka a 2011, ta ƙara a 2016, ta kuma cika na huɗu a 2024, abin da babu ƙasar da ta riga ta yi. Nasara huɗu ta wuce a ce sa'a ce. Akwai tsari a bayanta, kuma tsarin ya cancanci a dube shi da kyau, domin a cikinsa akwai abin yabo, akwai kuma abin da ke damun duk mai ƙaunar yara.

Gasar kanta ta samo asali ne daga Denmak, inda gidan talabijin na ƙasar ya fara shirya wa yara gasar waƙa a 2000. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, EBU, ta karɓi tunanin ta faɗaɗa shi, aka yi karon farko a Kofanhagen a 2003. Dokar farko mai tsauri ce: yaro shi zai tsara waƙarsa da kansa, ya rera ta da harshen ƙasarsa. Dino Jelusić na Kuroshiya, wanda ya ci karon farko yana ɗan shekara 11, da waƙar da ya tsara ya ci. Sannu a hankali aka sassauta. Daga 2008 aka yarda manya su sa hannu a tsara waƙar, daga baya aka yarda a surka wani kaso na baitocin da harshen waje, wanda a aikace Ingilishi ke nan. Tun 2016 shekarun masu shiga suka tsaya daga 9 zuwa 14. Wannan sassauci shi ne ƙofar da Jojiya ta bi ta shiga da ƙarfinta.

Ta fara zuwa a 2007 a Rotadam, ta zo ta huɗu. Shekara na zagayowa, a birnin Limasol na Saifurus, ta turo wasu yara uku, mata biyu da namiji ɗaya, dukkansu 'yan kimanin shekara goma, masu suna Bzikebi. Sun fito sanye da kaya masu ratsin baƙi da ruwan ɗorawa kamar rina, suna tsalle suna kaɗa hannuwa, waƙar tasu kuwa ba da harshen Jojiya aka yi ta ba, ba kuma da na kowa ba: ƙugin ƙwari ne da gaɓoɓin sauti na ƙirƙira daga farko har ƙarshe. Wanda ya kalle ta da idon babba zai iya cewa shirme ne. Wanda ya kasa kunne zai ji muryoyi uku suna shiga suna fita a kan lokaci, babu mai taka ƙafar wani, ga sauri ga daidaito, abin da ba ya samuwa sai da dogon horo. Sun ci da maki 154. Har yau, a ganina, babu waƙar da ta fi ta kama da abin da yaro zai ƙirƙira idan aka sakar masa mara.

Wani abu kuma ya faru a daren. Wata uku kacal kafin nan, a Agustan 2008, Rasha da Jojiya sun gwabza yaƙi. Da aka zo rabon maki, sai ga Rasha ta ba yaran Jojiya 12, mafi girman abin da ƙasa ke iya bayarwa. Gidan talabijin na Jojiya, wanda ya riga ya ce ba zai je babbar gasar da za a yi a Mosko a 2009 ba, ya sake shawara bayan haka, ko da yake daga baya rigimar waƙar da ya zaɓa ta sa tafiyar ta rushe. Ina kawo wannan ne don a ga nauyin da ake ɗora wa yaran nan. Suna ganin sun je wasa da abokai, manya kuwa a gida suna karanta makin kamar wasiƙar jakadanci.

A shekarun farko hanyar zaɓen ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Wani lokaci a yi gasa a bainar jama'a, wani lokaci a saurari yara a cikin gida a fitar da ɗaya. Ta hanyar cikin gida aka samo Mariam Mamadashvili, wadda ta ci a Malta a 2016 da waƙar “Mzeo”. Sai a 2018, bayan Tibilisi ta karɓi baƙuncin gasar 2017, gidan talabijin na gwamnati ya kafa shiri mai suna Ranina, wanda shi ne hanyar zaɓen tun daga lokacin.

Ranina ya bambanta da gasannin da aka saba gani. Ana ɗaukar yara goma, a shafe makonni ana tafiya da su zagaye bayan zagaye, kuma a zagayen farko-farko ba a korar kowa. Maki ake tarawa, sai an yi nisa sannan a tace waɗanda za su kai ƙarshe. Mai gabatarwar da aka fi sanin shirin da shi, David Aladashvili, ƙwararren makaɗin fiyano ne, don haka wanda ke tsaye kusa da yaron ya san wahalar abin da yaron ke yi. Alƙalai suna duba murya da iya tsayuwa a dandamali, suna kuma duba wani abu da ba kasafai ake ba shi maki ba a irin waɗannan shirye-shirye: yadda yaro ke haɗa kai da wanda suke waƙa tare. Kusan kowane mako da babban mawaƙi ko ƙungiya ake haɗa shi, dole ya koyi saurare, ya san inda zai ɗaga da inda zai sassauta don wani ya fito.

A nan al'adar ƙasar ta shigo. 'Yan Jojiya suna da tsohuwar waƙar gargajiya mai muryoyi da yawa, galibi uku, kowace na bin hanyarta amma suna haɗuwa su zama abu ɗaya. A wajen liyafa ake yin ta, da coci, da gona. UNESCO ta ayyana ta cikin fitattun kayan gadon bil'adama a 2001, kuma ɗaya daga cikin waƙoƙin, “Chakrulo”, tana cikin faifan da aka aika sararin samaniya a kumbon Voyager a 1977. Ranina yakan tsayar da yaron a tsakiyar ƙartin maza masu irin wannan waƙa, ƙaramar muryarsa a sama, nasu masu kauri suna riƙe da ita daga ƙasa. Yaron da ya iya riƙe layinsa a tsakiyar wannan ruri ba tare da ya zame ya bi na kusa da shi ba, dandamalin Turai ba zai razana shi ba. Wannan ɓangare na tsarin na yaba masa ba tare da wani sharaɗi ba. Ko yaro bai ci ba, ya fita da abin da zai amfane shi, ya kuma taɓa gadon iyayensa da bakinsa.

Damuwata tana farawa ne daga ranar da aka sanar da gwani. Ranina mawaƙi yake zaɓa, ba ya zaɓen waƙa. Sai an gama sannan manya su zauna su ɗinka wa yaron waƙar da za ta dace da muryarsa. Kuma hannun da ke ɗinkin kusan ɗaya ne. Giga Kukhianidze shi ya tsara kiɗan waƙar Bzikebi, shi ya tsara na ƙungiyar Candy da ta ci a Yereban a 2011, shi ne a “Mzeo”, shi ne kuma a “To My Mom” da Andria Putkaradze ya ci da ita a Madrid a Nuwamban 2024. Baitocin biyun ƙarshe Maka Davitaia ce ta rubuta. Babu mai musun gwanintarsu. Kukhianidze ya san kunnen yara, ya kuma san kunnen alƙalai. Amma idan yara suna sauyawa duk shekara alhali mai tsara waƙar bai sauya ba, ya kamata a tambaya wa ke gasar a zahiri.

Dubi abin da waƙoƙin ke faɗa. Tun da aka fara Ranina, sunayensu na Ingilishi ne: “Your Voice”, “We Need Love”, “You Are Not Alone”, “I Believe”. Ƙauna, haɗin kai, fata nagari, zaman lafiya. Duk kyawawan abubuwa ne, sai dai irin abin da babba ke so ya ji daga bakin yaro ne. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan mata suna gaɗa a dandali ya san abin da yara ke sakawa a waƙa idan babu mai gyara musu: tsokana, habaici, sunan ƙawa, ƙorafi a kan aike. Ba na cewa Andria bai ji waƙar da ya yi wa mahaifiyarsa a ransa ba. Duk wanda ya saurare shi ya san ya ji ta, shi ya sa ta taɓa mutane. Ina dai so a ce na ji yadda shi da kansa zai faɗi maganar, ko da baitin ya fito a karkace.

Ba yau aka fara wannan ƙorafi ba. Denmak, wadda ta haifi gasar, ta janye bayan 2005 tare da Norwe, suna kukan cewa matsin ya yi wa yara yawa, suka koma gasarsu ta yankin arewa, inda yara ke tsara waƙoƙinsu. EBU ta yi gyare-gyare tun daga nan. Ta sa yara cikin alƙalai, kuma daga 2017 ta buɗe ƙuri'a ta intanet wadda ke ɗauke da rabin maki, har ta yarda mutum ya zaɓi ƙasarsa. Wannan doka ta ƙarshe ba ta yi wa ƙananan ƙasashe adalci ba, tunda mai yawan jama'a ya fi yawan yatsun dannawa. Ita ce kuma ke ƙara tura ƙasa irin Jojiya ga dogaro da alƙalai, su kuwa alƙalai gogaggen aiki suke so, gogaggen aiki kuma sai babba. Haka kowace doka ke ƙara nisanta alƙalami daga hannun yaron.

Kada kuma a manta da shekarun da abin bai yi daɗi ba. A 2019 da 2023 wakilan Jojiya sun ƙare a matsayi na 14. Yaron da ya dawo da irin wannan sakamako a ƙasar da ta saba da kofi, a kan waƙar da ba shi ya zaɓa ba, yana ɗauke da kayan da manya suka ɗaura. Wasu yaran gasar dai sun ci gaba. Iru Khechanovi ta ƙungiyar Candy ta girma ta wakilci ƙasarta a babbar gasar a 2023.

Gyaran ba mai wuya ba ne, kuma Ranina ya riga ya mallaki kayan aikinsa: makonni, malamai, da mai gabatarwa da ya san kiɗa. A ƙara zagaye ɗaya wanda kowane yaro zai zo da baitinsa da karin da ya ƙirƙira, a ba shi maki a kai, sannan waƙar da za a kai Turai ta tsiro daga abin da gwanin ya kawo, Kukhianidze ko waninsa ya yi mata ado. Mai yiwuwa hakan ya sa ƙasar ta rasa 'yan matsayi a teburin sakamako. Ƙasar da ta ci sau huɗu tana da halin ɗaukar wannan asara.