Saƙon Muryar Nan da Ke Yawo a Sabo: Inda Ya Kuskure da Inda Ya Taɓo Mu

Jama'ar Sabon Shagamu, kwana biyun nan wani saƙon murya yana ta yawo a wayoyin yaranmu ta WhatsApp, tun daga kasuwar goro har bakin tasha. Mai maganar saurayi ne Bahaushe, bai faɗi sunansa ba, ya dai ce shi bai yarda akwai Allah ba. Waɗansu sun goge tun bai kai rabi ba, waɗansu sun bi shi da tsinuwa. Mu kam mun zauna mun saurara har ƙarshe, domin yaranmu sun riga sun ji, kuma tsinuwa ba ta amsa tambaya.

Magana biyu ya kawo. Ta farko kan asalin addini ce. A cewarsa, mutanen farko sun ga tsawa da fari da annoba da mutuwa, ba su san dalili ba, tsoro ya kama su, sai suka ƙago waɗanda za su roƙa. Ya kawo misali da iskokin bori da tsafin Maguzawa, ya ce daga irin wannan aka taso har aka kai ga Ubangiji ɗaya. Hausarsa garau, bai yi ihu ba, abin da ya sa yara suka tsaya saurare ke nan. Sai dai ya yi kamar shi ya haƙo zancen, alhali tsohon zance ne. David Hume na Sikotlan ya rubuta shi tun 1757, Sigmund Freud kuma ya ƙara da nasa a 1927, inda ya ce rashin ƙarfin ɗan Adam ne ke sa shi neman uba a sama. Kai, tun kafin su Alƙur'ani ya ambaci masu cewa zamani ne kawai ke kashe mutane, a cikin Suratul Jasiya, malamai suka kira su Dahriyya.

To, a nan ne ya yi tuntuɓe. Ko da mun sallama masa cewa tsoro na kai mutum ga addu'a, wannan ya nuna mana hanyar da mutum ya bi ne kawai, bai nuna cewa babu kowa a ƙarshen hanyar ba. Ƙishirwa ce ke kai matafiyi bakin rijiya. Wa zai ce tunda ƙishirwa ta kawo shi, lalle rijiyar ƙafaffiya ce? Sai an zura guga. Saurayin bai zura ba, ya yanke hukunci tun daga nesa. Kuma bai taɓo tambayar da ta fi nauyi ba, wato me ya sa akwai duniyar ma da ake jin tsoro a cikinta.

Magana ta biyu ita ce ta hana mu barci. Ya ce da zarar mutum ya ce bai yi imani ba, shi ke nan an ɗauke shi ɓarawo, mazinaci, ko mahaukaci; ba a ba shi bashi, ba a ba shi amana, iyaye su kore shi. Jama'a, a nan fa yana da gaskiya, kuma ba sai mun je nesa neman shaida ba. Ikenne tana nan kusa da mu. A can ne Tai Solarin, wanda bai taɓa ɓoye cewa ba ya bin kowane addini ba, ya kafa makarantar Mayflower a 1956 tare da matarsa Sheila. Ya ƙare rayuwarsa cikin gajeren wando na kaki yana koyar da 'ya'yan mutane, gwamnatocin soja suka tsare shi saboda faɗar gaskiya, ya rasu a 1994, yau ga jami'ar horar da malamai a Ijagun da sunansa. Aƙidarsa mun ƙi ta, hisabinsa na wurin Allah. Amma wa zai iya dafa Alƙur'ani ya ce mutumin nan ɓarawo ne?

Mu mazauna Sabo ai bai kamata a koya mana ɗacin a yi wa mutum hukunci da sunan da aka laƙa masa ba. A rikicin Yulin 1999 a nan garin, masu bin gidajen Hausawa ba su tsaya tambayar halin kowa ba, "Bahaushe" kawai suka ji. Abin da ya ci mu jiya bai dace mu ɗauka mu ɗora wa wani yau ba.

Shi ma saurayin bai tsira daga cutar da yake kuka da ita ba. Can wajen ƙarshe ya haɗa masu sallah duka ya kira su tumakin da ake kaɗawa. Mai neman a daina yi masa kuɗin goro bai kamata ya yi wa wasu ba. Ya ambaci Mubarak Bala, wanda aka kama a 2020, kotun Kano ta ɗaure shi shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar a 2024, amma ya tsallake cewa tuhumar kan rubuce-rubucensa na Facebook ce da aka ɗauka ɓatanci ne. Ana iya jayayya kan hukuncin, amma mai neman adalci sai ya kawo labari cikakke. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin aƙidarsa, zaman tare kuma ya wajabta wa kowa kame bakinsa.

Roƙonmu ga malamanmu na Islamiyya da na zaure: yaron da ya zo da irin wannan tambaya a zaunar da shi a amsa masa, kada a ɗaga masa bulala. In an kore shi daga zaure, wayarsa na aljihu, kuma mai saƙon muryar nan ba zai kore shi ba. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu haƙurin saurare. Amin.