Kyauta ko Waƙafi? Sharhi a kan Hausar Girka Linux a Sabuwar Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta na dindindin ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, kwamfutar tafi-da-gidanka ta shiga cikin kayan karatun ɗalibin wannan yanki. Amma kwamfuta ba ta motsi sai da babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da dukkan sauran. Ɗalibi ko dai ya riƙe Windows, ko kuwa ya girka Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991. Wannan maƙala za ta auna kalmomi uku da ake bayanin wannan aiki da su a Hausa, domin a ga wadda ta ɗauki ma'ana da wadda ta zubar da ita.

2.0 Girkawa

Ana jin "saka" da "ɗora" da kuma "girka". "Saka" ta yi faɗi, don kuwa ana saka riga, ana saka hannu. "Ɗora" kuma tana nuna abin da aka aza bisa wani, alhali babbar manhaja ita ce ƙasan kome. "Girka" ce ta fi dacewa, saboda tukunyar da aka girka ta zauna daram a kan murhu, kuma daga nan ne aiki ke somawa.

3.0 Sharewa

A tsakiyar aikin, Ubuntu, wani nau'in Linux da Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya ƙaddamar a 2004, takan tambayi mai girkawa: a ajiye ta gefen Windows, ko a kawar da duk abin da ke cikin ma'adanar kwamfutar? Fassarar da ke saurin zuwa baki ita ce "share". To, a wurin Bahaushe shara gyara ce: ana share ɗaki a bar gado da tabarma. Ɗalibin da ya ɗauki kalmar a haka yana iya danna maɓalli, kundin digirinsa ya salwanta. "Shafe" ce ta dace, don abin da aka shafe ba ya barin alama. A nan kuskuren kalma ɗaya asarar aikin shekara ne.

4.0 Kyauta

Kuskure mafi girma shi ne kiran Linux "manhajar kyauta". Kalmar Ingilishi da aka fassara tana ɗauke da ma'ana biyu, rashin biya da kuma 'yanci, sai aka ɗauki ta farko. Alhali lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, bai hana sayarwa ba. Abin da ya tabbatar shi ne ikon kowa ya karanta asalin rubutun manhaja, ya kwafa, ya gyara, ya yaɗa, bisa sharaɗin cewa wanda ya yaɗa gyararren bai isa ya hana na gaba wannan iko ba.

Gwandu ba baƙuwar wannan tsari ba ce. Littattafan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, irin su Liya'ul Hukkami da Tazyinul Waraƙati, da hannun almajirai suka yaɗu. Kowa ya ari matani ya kwafa, ya yi ta'aliƙi a gefe, ya miƙa wa na baya, ba tare da an ɓatar da sunan mawallafi ba. Shi kansa Malam Abdullahi ya jera malaman da ya ɗauki ilmi daga gare su a cikin Ida'un Nusuki.

Saboda haka wani zai ce "waƙafi" ta fi "kyauta", tun da waƙafi yana tafiya da sharaɗin mai shi, kyauta kuwa da zarar an karɓa magana ta ƙare. Hakan gaskiya ne, amma ita ma tana da rauni, domin ba a sayar da waƙafi. Mafita ita ce a aro daga zaure: asalin rubutun manhaja shi ne "matani", Linux kuwa manhaja ce "mai buɗaɗɗen matani".

5.0 Kammalawa

Ta fuskar kayan aiki an yi nisa. Linux tana da tsarin maɓallai na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, ga kuma Alkalami, salon haruffan ajami irin na Kano da cibiyar SIL ta fitar a buɗe. Abin da ya yi saura shi ne daidaita kalmomi, irin aikin da ya haifar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Tun da ƙofar fassara Linux a buɗe take ga kowa, nauyin ya rataya a wuyan malaman Hausa da ɗalibansu. In suka bari, wasu za su zaɓa musu kalmomi, kuma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, amma mai fassara daga nesa bai san wanda zai danna "share" a Kalgo ba.