4.3 Matsayin Muryar Mata a Waƙoƙin Mahotella Queens

A wannan fasali za a dubi yadda muryoyin mata suke ɗauke da nauyin waƙa a ƙungiyar Mahotella Queens ta Afirka ta Kudu, da kuma dalilin da ya sa bai dace a kira su 'yan amshi kawai ba.

An kafa ƙungiyar ne a shekarar 1964 a birnin Johannesburg, a ƙarƙashin Rupert Bopape, wanda ke jagorantar sashen Mavuthela na kamfanin faya-fayi na Gallo. Kiɗan da suka shahara da shi ana kiransa mbaqanga, wato kiɗan unguwannin baƙar fata da gwamnatin wariyar launin fata ta keɓe a bayan gari. Makaɗansu su ne Makgona Tsohle Band, cikinsu har da Marks Mankwane mai kaɗa jita da West Nkosi mai busa. Akwai kuma Simon Nkabinde, wanda aka fi sani da Mahlathini, mai kakkaurar murya kamar gurnani.

Idan aka auna waƙoƙinsu da ma'aunin waƙar baka ta Hausa, za a iya cewa Mahlathini ne jagora, matan kuwa 'yan amshi. To amma idan aka saurara da kyau, za a ga lamarin ba haka yake ba. A waƙar makaɗan Hausa jagora ne ke saƙa ɗiyan waƙa, 'yan amshi su karɓa. A nan kuwa, sau da yawa matan ne ke riƙe da karin waƙar da yawancin kalmominta, suna jera muryoyi hawa-hawa, wata sama wata ƙasa, su tashi tare su sauka tare. Shi kuma yakan kutso ne a tsakanin saɗaru da gurnani da kirari. Ke nan gurnanin ado ne, ginshiƙin waƙar yana hannun matan.

Duk da haka, tsarin kamfanin bai ba su wannan matsayi ba. Bopape kan naɗi muryoyin mata ɗaya a ƙarƙashin sunaye daban-daban, kamar Izintombi Zomgqashiyo da Dima Sisters, kuma idan wata ta tafi sai a maye gurbinta. Shi ya sa a shekarun 1970 sunan ya ci gaba da fita a faya-fayi alhali yawancin matan farko sun bar ƙungiyar. Bugu da ƙari, tacewar da ake yi a gidan Radio Bantu ta takura jigogin waƙoƙin, suka fi karkata ga aure da tarbiyya da zaman birni. Wannan rauni ne da ba za a ɓoye ba, domin waƙoƙi da yawa sun yi kama da juna a jigo da zubi.

Tarihin baya-bayan nan ya ƙara tabbatar da matsayin matan. A 1987 Hilda Tloubatla da Nobesuthu Mbadu da Mildred Mangxola suka fitar da faifan Thokozile tare da Mahlathini, suka shiga zagaya Turai da Amurka. A 1998 Nkosi da Mankwane suka rasu, Mahlathini ya bi su a 1999. Da a ce shi ne gangar jikin waƙar, da ta mutu tare da shi. Sai ga shi matan uku sun ɗauki sababbin makaɗa, suka fitar da faifan Sebai Bai, suka kuma karɓi lambar yabo ta WOMEX a 2000. Gurbin gurnanin ya kasance a buɗe, amma karin waƙar bai karye ba.

Saboda haka, duk nazarin da zai yi wa wannan ƙungiya adalci, wajibi ne ya fara daga muryoyin matan.