Jigon Tonon Asiri a Cikin Littafin The Circle

A shekarar 2013 ne marubucin nan na Amurka, Dave Eggers, ya fitar da ƙagaggen labarinsa mai suna The Circle. Tauraruwar labarin, Mae Holland, budurwa ce da ta sami aiki a wani katafaren kamfanin intanet ta hanyar ƙawarta Annie. Babban jigon littafin kuwa shi ne yadda ma'aikaci kan sayar da sirrinsa domin ya riƙe abincinsa.

Inda marubucin ya fi nuna gwaninta shi ne wajen warwarar wannan jigo sannu a hankali. Ba a taɓa tilasta wa Mae kome da tsawa ba. Da ta tafi duba mahaifinta marar lafiya ba ta sanar a dandalin kamfanin ba, sai shugabanninta suka kira ta, suka nuna mata ɓacin ransu cikin lallashi, kamar waɗanda aka yi wa rowa. Daga nan aka shiga auna ƙwazonta da yawan abin da take wallafawa, har ta kai ga rataya kyamara a wuya, duniya na kallonta wuni guda. Mai karatu Bahaushe, wanda ya tashi yana jin ana roƙon Allah rufin asiri, zai ga an kifar da wannan addu'a: a nan mai rufa asirinsa shi ne abin zargi.

Ba a banza Eggers ya ɗauko wannan batu ba. A 2012 jihar Maryland ta kafa dokar hana masu ɗaukar ma'aikata neman kalmar sirrin shafukan masu neman aiki, abin da ke nuna cewa al'adar ta riga ta fara yaɗuwa.

Sai dai littafin yana da rauni ta fuskar taurari. Mae ta cika saurin miƙa wuya, ba a ganin wata gwagwarmaya a zuciyarta, shi kuwa Mercer, tsohon saurayinta, wa'azi kawai aka ɗora masa a baki. Wani giɓin kuma shi ne Mae ta shiga aiki tun a shafukan farko. Wanda aka bincike shafinsa aka ajiye takardarsa a gefe, ba tare da an gaya masa dalili ba, bai sami gurbi a labarin ba, alhali shi ne abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya.